Ƙwari da Ciyawa a Ƙaramin Lambu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Magance Su Ba da Guba Ba

Amsoshin nan domin mai ƙaramin lambu ne, wanda zai iya zagaye gonarsa da ƙafa cikin rabin sa'a, yana noman tumatir, barkono, albasa, kabeji, karas, latas, kokwamba da makamantansu. Ma'aunin da aka yi amfani da shi: cokalin shayi mililita 5 ne, babban cokali 15, famfon feshi na goyo kuma lita 16.

Anya za a iya noman kayan lambu ba tare da maganin kamfani ba?

Za a iya, amma da sharaɗi. Duk magungunan da ake haɗawa daga tsirrai ko sabulu ba su kai gubar kamfani ƙarfi ba, kuma ba sa daɗewa a kan ganye; rana da ruwan sama na lalata su cikin 'yan kwanaki. Saboda haka ba su da amfani a hannun wanda sai ɓarna ta bayyana daga nesa yake tashi. Suna aiki ne a kan ƙwaro yana ƙarami, tsutsa ba ta wuce kwana uku ko huɗu da ƙyanƙyashewa ba, ciyawa ba ta yi ganye huɗu ba. Abin da mai feshin guba ke biya da kuɗi, kai da ido da ƙafa za ka biya shi.

Sai kuma ka haƙura da ɗan rashi. Ganyen kabeji na waje mai rami biyu ko uku ba asara ba ce, tumatir mai ƙarfi kuma yana jure rasa wani sashe na ganyensa ba tare da 'ya'yan sun ragu ba.

Yaya ake duba lambu, kuma sau nawa?

Sau biyu a mako, da sanyin safiya, kafin ƙwarin su yi ɗumi su fara tashi. Kada ka tsaya a bakin fangali kana leƙe. Shiga ciki ka bi ta karkace, ka zaɓi shuka 20 daga wurare daban-daban, har da na gefe, domin ta gefe yawancin ƙwari ke shigowa. A kowace shuka juya ganye uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, ka duba bayansu. Buɗe toho. Duba gindi inda kara ya haɗu da ƙasa.

Ka riƙe farar takarda da madubin ƙara girma mai ninki 10. Idan ka girgiza reshe a kan takardar ka ga wasu ɗige-ɗige kamar ƙura suna tafiya, jan gizo ne, ko kuma siraran ƙwarin nan da ke kankare ganyen albasa ya koma fari-fari. Rubuta abin da ka gani da kwanan wata. Lissafin mako guda ba ya faɗin komai. Kwatanta shi da na makon jiya ne ke nuna ko abin ƙaruwa yake yi ko raguwa.

Tarkon danƙo yana taimakawa. Allo mai launin rawaya yana jawo farin ƙuda da darɓa mai fiffike (darɓa ita ce ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan toho), shuɗi kuma ya fi jawo ƙwarin albasa. A rataye shi ɗan sama da kan shuka, a riƙa ɗaga shi yayin da take girma. Aikinsa ya sanar da kai baƙi sun iso, ba ya kashe su duka ba. Mai cika lambu da tarkuna yana zaton ya yi magani yakan kama har da ƙwarin da ke taimakonsa.

Waɗanne ƙwari ne bai kamata a kashe ba?

Sun fi yawa fiye da yadda ake zato. Ƙwaron nan mai zagayayyen baya, ja ko ruwan lemo da ɗigon baƙi, yana iya cin darɓa kusan 50 a yini. Matsalar ita ce ɗansa bai yi kama da shi ba ko kaɗan: baƙi ne, dogo, mai ƙaya-ƙaya da tabon lemo, kamar ɗan ƙaramin kada. Mutane da yawa na murƙushe shi suna zaton mai ɓarna ne, alhali ya fi uwarsa ci. Ƙwayayensa rawaya ne, a tsaye a cunkushe a bayan ganye. Ka bar su.

In ka ga wasu darɓa sun kumbura sun bushe sun koma ruwan ƙasa, kamar ƙwayar hatsi a manne da ganye, wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya saka ƙwai a cikinsu. Kowace ɗaya sabon maharbi ne ke shirin fitowa. Kada ka yi feshi a wurin. Gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, kwaɗi, ƙadangaru da ƙananan tsuntsaye duk ma'aikata ne da ba a biya.

Manyan wasu daga cikin ƙwarin nan masu amfani, kamar ɗan zanzaron nan, suna buƙatar ruwan fure kafin su yi ƙwai. Ka bar layi guda a gefe ko a tsakiya mai ƙananan furanni buɗaɗɗu, ka kuma ƙyale karas ko albasa kaɗan su yi fure. Wake ma yana jawo su.

Darɓa ta cika mini toho, ga tururuwa na hawa da sauka. Me zan yi?

Darɓa ba ta jiran namiji kuma ba ta jiran ƙwai: macen haihuwa take yi kai tsaye, 'yar kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ta fara tata haihuwar. Shi ya sa tsiraru ke zama dubbai a mako biyu. Tururuwar kuwa makiyaya ce. Tana shan ruwan zaƙin da darɓa ke fitarwa, tana korar masu cin ta, har takan ɗauke ta zuwa sabon toho. Baƙin da ka gani kamar kunkunniya a ganye fumfuna ce da ta tsiro a kan wannan zaƙin.

In shuka biyu ko uku ne cikin 20, yanke tohon da ya fi lalacewa ka fitar da shi, sauran ka wanke da ruwa mai ƙarfi ta ƙasan ganye, safiya uku a jere. Wadda ta faɗo ba kasafai take komawa ba. In ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na shukar kuma ba ka ga masu cin ta ba, sai ruwan sabulu ko na dogon yaro. Bi sawun tururuwar zuwa raminta ka tone shi ka cika da ruwa.

Sannan ka tuhumi takinka. Ruwa ba ya tsami banza: shukar da aka cika wa taki mai sa ganye, kamar ɗanyen kashin kaji, tana fitar da toho mai laushi mai ruwa-ruwa, kuma shi darɓa ke nema.

Yaya ake haɗa ruwan dogon yaro da zai yi aiki da gaske?

Ƙarfin yana cikin ƙwayar iri, ba a ganye ba. Ganye ma yana da shi, amma kaɗan ne, kuma yawancin masu cewa sun gwada dogon yaro bai yi ba, ganye suka jiƙa, ko suka tafasa. Zafi yana kashe sinadarin.

A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a wanke naman, a shanya irin a inuwa mai iska har ya bushe sarai. A ajiye a buhu mai shan iska, ba a leda ba. Wanda ya yi fumfuna a zubar, don fumfunarsa na iya zama guba ga mutum. Wanda ya haura shekara a ajiye ƙarfinsa ya ragu ƙwarai.

Ma'auni shi ne giram 50 na ƙwaya ɓararriya ga kowace litar ruwa, wato giram 800 ga famfo mai lita 16. In da ɓawonta za ka daka, ninka nauyin. A daka ta yi laushi amma kar a kai ga fitar da mai. A ƙunshe garin a ƙyalle, a tsoma cikin ruwa mara zafi, a bar shi ya kwana, kimanin sa'a 12. Da safe a matse ƙunshin sosai har ruwan ya yi fari kamar madara, a sake tacewa da ƙyalle mai laushi. Tacewa ta biyun nan ba ƙawa ba ce. Gari ɗan kaɗan ya isa ya toshe bakin famfo. A zuba babban cokali biyu na sabulun ruwa domin maganin ya kama ganye, musamman na kabeji da albasa da ruwa ke zamewa a kansu. A yi amfani da shi a ranar.

In man dogon yaro ne, cokalin shayi ɗaya ga lita guda. A fara kaɗa man da rabin cokalin sabulu a ɗan ruwa mai ɗumi har ya haɗe, sannan a ƙara sauran ruwan, a riƙa girgiza famfon ana cikin aiki. In ba haka ba man zai taso sama, shukar farko ta sha ruwa zalla, ta ƙarshe ta ƙone.

Kada ka sa ran ganin gawa washegari. Dogon yaro yana hana ƙwaro ci, yana hana shi yin saɓa ya girma, yana rage ƙwai. Tsutsar za ta ci gaba da zama a ganye kwana uku ko biyar, amma ta daina ci. Abin dubawa shi ne ko sabbin ramuka sun tsaya. A maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, sau uku a jere, a kuma sake in ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a ranar feshin.

Na yi feshi, ƙwarin na nan, ganye kuma ya ƙone. Ina kuskuren?

Mafi yawan lokaci maganin bai taɓa ƙwaron ba. Darɓa, farin ƙuda da jan gizo duk a bayan ganye suke, mai feshi kuwa yakan wuce yana yayyafa wa saman. Juya bakin famfon ya kalli sama, ka shigar da shi cikin shukar, ka jiƙa har ruwan ya kusa ɗiga.

Ƙuna kuma tana zuwa ne daga feshi da tsakar rana, ko zafi ya haura digiri 30, ko shuka na jin ƙishirwa, ko an ƙara ma'auni don a ga aiki da wuri. Yi ban ruwa da safe, ka yi feshi da yamma lis, lokacin ƙudan zuma sun koma kuma maganin zai kwana a ganye kafin rana ta taɓa shi. Kowane sabon haɗi a gwada a shuka biyu, a jira kwana biyu. Mai da farar wuta ba sa haɗuwa: a bar aƙalla mako biyu tsakaninsu.

Akwai wani dalili da ake mantawa. Famfon da aka taɓa zuba wa maganin kashe ciyawa, ko an ɗauraye shi, ragowar da ta maƙale a tiyo na iya murɗe ganyen tumatir ya zama siriri kamar igiya. Famfon lambu a ware shi daban.

Sabulu, barkono, tafarnuwa, toka da taba fa?

Sabulu yana aiki a kan ƙwari masu laushin jiki, amma sai ya jiƙa su. Da ya bushe aikinsa ya ƙare. Cokalin shayi 2 zuwa 4 na sabulun ruwa mara turare ga lita guda. Garin wanki da mai sa tufafi fari suna ƙona ganye. Ruwa mai gartsi da sabulu ba ya kumfa a ciki yana rage ƙarfinsa, ruwan sama ya fi.

Barkono da tafarnuwa kora suke yi na kwana ɗaya ko biyu, ba kisa ba, kuma a ganinmu an fi yabonsu fiye da aikinsu. Mai son gwadawa ya daka giram 100 na kowanne, ya jiƙa a lita guda ya kwana, ya tace, ya ƙara ruwa lita 9 da ɗan sabulu. Ya kare idonsa, kar ya fesa iska na fuskantarsa.

Toka a barbaɗa kaɗan a kan ganye mai raɓa tana hana ƙananan ƙwaro masu tsalle da ke huda ganyen dashe. In ta yi yawa a fangali shekara da shekaru tana sauya ƙasar har shuka ta kasa jan wasu sinadarai, ganye ya yi rawaya.

Ruwan taba a bar shi. Gubarsa tana shiga ta fata, tana kashe mai amfani da mai ɓarna, ga shi taba na iya ɗauke da cutar da ke kama tumatir da barkono. Fitowar abu daga tsiro ba ta sa ya zama mara haɗari ba.

Tsutsotsi suna cin kabeji suna huda tumatir. Akwai abin da ya fi tsinta da hannu?

A ƙaramin lambu tsinta da hannu ba abin rainawa ba ce: bokiti da ruwan sabulu, da asuba ko da tocila bayan duhu, ana murƙushe ƙwai a bayan ganye. In abin ya fi ƙarfin hannu, akwai maganin da ake kira Bt, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ƙasa. Tsutsar malam-buɗe-littafi da ta faɗa-wuta kaɗai nau'in da ake sayarwa don kayan lambu yake kashewa, ba ya taɓa ƙudan zuma ko mutum. Sai tsutsa ta ci ganyen da aka fesa. Cikin 'yan sa'o'i ta daina ci, cikin kwana biyu ko uku ta mutu. Ƙarama ya fi kamawa, hasken rana kuma na lalata shi, don haka da yamma ake fesawa, a maimaita bayan kwana 5 zuwa 7. Tsutsar da ta riga ta shige cikin tumatir ko ƙullin kabeji ta tsira daga gare shi.

Mafi wuyar sha'ani ita ce Tuta absoluta, wata 'yar faɗa-wuta mai addabar tumatir, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, daga nan ta bazu a Turai, Afirka da Asiya. Mace guda na iya saka ƙwai har 260, a lokacin zafi kuma zagayen rayuwarta bai cika wuce wata guda ba. Tsutsar tana shiga tsakanin fatun ganye biyu ta cinye tsakiya, sai ka ga farin tabo kamar takarda, in ka ɗaga shi a rana ka hango ta da baƙin kashinta a ciki. Matse ta a nan da yatsa, ko ka cire ganyen. Duk ganye da 'ya'yan da ta taɓa a zuba a leda a ɗaure a bar su a rana mako guda, kar a jefa su gefen gona ko a tulin taki. Tarkon ƙamshin mace da ke jawo maza yana sanar da isowarta. Bayan girbi a tuge tsohon tumatir nan take. Wanda aka bari a tsaye don 'yan 'ya'yan ƙarshe shi ke renon ƙwarin da za su cinye sabon dashe.

Haka ake yi wa kokwamba, kabewa da kankana da ƙuda ya soka suka ruɓe: a tattara kullum, a ɗaure a leda, ko a binne su zurfin rabin mita.

Ganyen tumatir ya nannaɗe ya yi rawaya, shukar ta tsumbure. Wane feshi ne zai gyara?

Babu. In ƙananan fararen ƙudaje na tashi idan ka taɓa shukar, mai yiwuwa cutar da suke yaɗawa ce, kuma shukar da ta kamu ba ta warkewa. Rufa mata leda kafin ka tuge ta, don ƙudajen kar su watse zuwa maƙwabta.

Kariyar tana wurin renon iri, domin kamuwa da wuri ita ce mai kashe amfani gaba ɗaya. Rufe wurin da raga mai ƙananan idanu, waɗanda faɗinsu bai kai rabin milimita ba. Gidan sauro na tare faɗa-wuta amma farin ƙuda na ratsa shi. A ɗora ragar a kan baka-bakan sanda ko waya don kar ta taɓa ganye, a binne gefenta da ƙasa, a sa ta tun ranar shuka. Ragar da aka rufa a kan ƙwarin da suka riga suka shiga ta zama musu gida. Kabeji da latas za su iya zama a ƙarƙashinta har girbi, amma dangin kabewa sai an buɗe su da zarar sun fara fure, in ba haka ba ƙudan zuma ba za su kai gare su ba, furen ya zube ba 'ya'ya.

Me ke yanke dashe a gindi da dare?

Wata tsutsa ce mai ruwan toka da ke wuni a ƙasa. Tona da yatsa kewaye da wanda aka yanke, zurfin santimita 3 zuwa 5, za ka same ta a naɗe. Sauran dashen ka sa musu zobe na kwali ko robar ruwa da aka yanke, santimita 3 a cikin ƙasa, 7 a waje. Share ciyawar fangali mako biyu kafin dashe yana rage ta.

Shuka tana yaushi da rana ko da ƙasa na da danshi, saiwar kuma ta yi ƙulli-ƙulli.

Tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani. Kada a rikita ta da ƙullin saiwar wake mai amfani, wanda ke ɓallewa in an murza; na cuta kumburin saiwar ne kanta, ba ya cirewa. Tana yawa a ƙasa mai yashi da ake maimaita wa amfani iri ɗaya.

Juya shuka shi ne babban magani, amma bisa dangi ake juyawa, ba bisa suna ba. Tumatir, barkono, gauta da dankalin turawa gida ɗaya suka fito; cire wannan ka sa wancan an gudu ne ba a tsira ba. Raba lambun kashi huɗu, kowane dangi kar ya koma wurinsa sai bayan shekara 3 ko 4. Tsutsar saiwa tana cin kuɓewa, karas da dangin kabewa ma, don haka a wurin da ta yi yawa a bi da masara, dawa ko albasa. Furen marigol yana rage ta, amma sai an shuka shi a cike ya rufe fangalin wata biyu zuwa uku. Tsiro ɗaya nan ɗaya can ado ne kawai.

Ana kuma gasa ƙasa da rana. A lokacin da ya fi zafi a shekara, a nome fangali, a daidaita shi, a jiƙa shi sosai, a shimfiɗa leda mai haske, ba baƙa ba, ta kwanta a jikin ƙasa, a binne gefunan. A bar ta mako 4 zuwa 6. Saman ƙasar na iya kai digiri 50 ko fiye, ya kashe tsutsa, cututtuka da irin ciyawa da yawa. Bayan an cire kar a yi noma mai zurfi, don zafin bai kai can ƙasa ba.

Me ya sa ciyawa ba ta ƙarewa duk noman da ake yi?

Domin ƙasa rumbun iri ce. Gindi guda na dangin alayyafon daji na iya zubar da iri sama da 100,000, kuma irin ba ya tsirowa lokaci guda. A 1879 wani masanin tsirrai a Mishigan ta Amurka, William Beal, ya binne kwalabe 20 cike da yashi da irin ciyayi, ana tono ɗaya lokaci-lokaci. Wadda aka tono a 2021, bayan shekara 142, wasu irin cikinta sun tsiro.

Yawancin ƙananan iri daga santimita 2 zuwa 5 na sama suke tsirowa. Duk sanda ka kafta ƙasa da zurfi, ka ɗauko wa kanka sabon kaya daga rumbun. Dokoki biyu ke fita daga nan: kar ka juya ƙasa fiye da buƙata, kar kuma ka bar ko gindi ɗaya ya yi iri, har a gefen hanya da bakin magudana. Wadda ta riga ta yi fure a fitar da ita daga lambun, don wasu na ƙarasa nunar da iri bayan an tuge su.

Yaushe ne lokacin noma, kuma yaya zurfinsa?

Lokacin da kake ganin kamar babu abin nomewa. Shafa saman fangali da yatsa kwana biyar ko shida bayan ban ruwa, za ka ga wasu fararen zare-zare sirara: ciyawa ce da ba ta fito ba tukuna. A wannan matakin jan fartanya mai kaifi sama-sama, zurfin santimita 1 zuwa 2, yana kashe ɗaruruwa a ja guda. Bayan mako uku kowace ɗaya sai an tsuguna mata. A yi da hantsi a ranar da ƙasa ta bushe a sama, rana ta ƙarasa aikin. Noma a jiƙaƙƙiyar ƙasa dashe ne kake yi wa ciyawa. A maimaita duk kwana 7 zuwa 10.

Makonni 4 zuwa 6 na farko su ne masu hukunci. Kabeji da kabewa daga nan suna rufe ƙasa da inuwarsu. Albasa da karas kuwa ba sa iya kare kansu, albasa ma kusan har girbi sai an tsaya mata.

Ga waɗannan biyun akwai dabara. Gyara fangali kamar yau za ka shuka, ka ba shi ruwa, ka bar shi kwana 10 zuwa 14. Ciyawar sama za ta fito, ka kankare ta sama-sama, ka shuka ba tare da sake juya ƙasar ba. Mai hali ya yi zagaye biyu. Ban ruwa a gindin shuka kaɗai, maimakon malale fangali duka, yana barin tsakanin layuka a bushe, ciyawar wurin ta rasa abin sha.

Lulluɓe ƙasa yana hana ciyawa da gaske?

Yana hanawa in ya yi kauri. Busasshiyar ciyawa, tattaka ko ganye, santimita 7 zuwa 10. Buntun shinkafa 5 ya isa. Wanda ka hango ƙasa ta cikinsa danshi kawai yake riƙe wa ciyawa. A fara nome wurin tsaf, a jira shuka ta kai tsawon tafin hannu, a bar tazarar santimita 5 daga kara don kar ya ruɓe. A hanyoyin tsakani kwali a ƙasa, ciyawa a sama.

Abubuwan da ke ɓata lamarin: ciyawar da aka yanko da irinta, ka shuka da hannunka ke nan; garin katako da aka gauraya da ƙasa, wanda ke ƙwace abincin shuka har ganye ya yi rawaya, don haka a sama kaɗai ake barinsa; da gara da dodon koɗi da ke samun mafaka inda danshi ya yi yawa. Ɗaga rufin lokaci-lokaci ka leƙa.

Aya-aya, kiri-kiri da tofa fa, da ke dawowa bayan kwana uku?

Waɗannan ajiyarsu a ƙasa take, sare samansu kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Sassara su da garma kuma ninka su ne, don kowane guntun jijiyar kiri-kiri ko tofa sabon tsiro ne. A tone su da cokalin tono a busasshen lokaci, a bi jijiyar a zaro ta da tsawonta, a baza a rana har ta bushe ƙamas. Balasa da harshen saniya ma kar a bar su a kwance a fangali, suna sake kamawa daga kara.

Aya-aya ta fi kowa taurin kai. 'Ya'yanta a jere suke kamar carbi a ƙarƙashin ƙasa, in ka ja uwar sai zaren ya tsinke sauran su farka. Tana huda leda da rufin ciyawa, gashin rana ma bai cika gamawa da ita ba. Rauninta biyu ne, bushewa da inuwa. A juyo 'ya'yan sama a bar su a rana mako biyu. Waɗanda suka tsiro a cire su kafin su yi ganye shida, duk mako biyu, domin kafin nan cin ajiyarta take yi ba ta fara sabuwa ba. Sannan a shuka abin da ke rufe ƙasa ruf, kamar wake mai yaɗo ko dankali. Aikin damina biyu ne ko uku.

Ruwan tsami na kicin ko gishiri suna kashe ciyawa?

Ruwan tsamin kicin, wato vinegar, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, yana ƙona ganyen ƙaramar ciyawa amma ba ya kai wa saiwa, ga shi yana ƙona amfanin gona daidai wa daida. Mai kashi 20 na iya lalata ido. Gishiri kuwa yana kashe ciyawa, ya kashe ƙasar tare da ita.

Tun da na zuba takin dabbobi ciyawa ta ƙaru. Taki ne ya kawo ta?

Sau da yawa shi ne. Iri mai tauri yana ratsa cikin saniya ko doki ya fito da ransa. Sai tulin taki ya yi zafin digiri 55 zuwa 60 na kwanaki a jere kafin yawancin irin ya mutu, kuma ƙaramin tuli ba ya kai wa nan. A tara shi aƙalla mita guda tsawo, faɗi da tsayi, busasshen kaya kashi biyu, ɗanye da kashin dabba kashi ɗaya, da danshin da in ka matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu zai fito. Soka ƙarfe a tsakiya na minti biyar. In ka zaro ba ka iya riƙe shi, zafin ya kai. A juya duk mako, na waje ya koma ciki, sau uku ko huɗu, don gefen tulin ba ya zafi. Kafin ka zuba a lambu, cika tukunya da takin ka riƙa ba ta ruwa kwana goma, ka ga abin da zai tsiro.